Matan Filifin: daga kan kwalin Hong Kong zuwa gidajen Dagupan

Bikin yaye ɗalibai ne ya kai ni ƙasar Filifin a damunar 2024. 'Yar ƙanena ce ta kammala karatun jinya a garin Dagupan, inda yaranmu na Najeriya da dama ke neman ilimin likita da na nas. Da yake ni ungozoma ce, kuma ni na kwaɗaita mata aikin tun tana ƙarama, sai uban ya ce ba za a miƙa mata takarda ba sai Gwaggonta na wurin. Shi ɗan kasuwa ne, sarin kayan waya yake yi a China, don haka ya tsara mu bi ta Hong Kong ya ga abokan cinikinsa kafin mu wuce Manila.

Masaukinmu a Chungking Mansions yake, wani tsohon bene a titin Nathan da Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan Afirka suka mayar gari guda, ga masallacin Kowloon kusa, ga abincin halal ko'ina. Ranar Lahadi da hantsi ƙanena ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. "Yaya, yau babu ciniki. Taso mu haye ruwa, akwai abin da nake so ki gani da idonki." Muka shiga jirgin ruwa muka tsallaka unguwar Central, inda manyan bankuna da shagunan masu hannu da shuni suke.

Tun daga kan gadar masu tafiya a ƙasa na fara cin karo da su. Mata ne zalla, dubbai, zaune bisa kwalayen da aka farke aka shimfiɗa. Wasu sun ta da kwalin sun yi 'yar katanga iya gwiwa, sun jera takalma a waje. An rufe titin Chater ba mota, su ne a kai. Ƙarƙashin ginin bankin HSBC, wanda ƙasansa fili ne a buɗe, ba masaka tsinke, hayaniya na tashi kamar gidan biki ranar wuni. Nan ana yanke wa wata farce, can ana taje wa wata kai, ga masu karta, ga masu koyon rawa a layi, ga wasu sun yi da'ira suna addu'a da Baibul a buɗe. Da yawa kuwa barci kawai suke yi, barcin gajiyar mako guda, jaka a ƙarƙashin kai.

'Yan aikin gida ne. A Hong Kong akwai su sama da 300,000, fiye da rabi daga Filifin, yawancin sauran daga Indonesiya. Doka ta ba su hutun yini ɗaya a mako, ita ce kuma ta wajabta musu kwana a gidan da suke aiki. Gidajen garin ƙanana ne ƙwarai, wadda ba ta da ɗakin kanta idan ta zauna a gida ranar hutu aiki ne zai same ta. Shi ya sa suke fitowa titi tun safe.

Zafi da gumi suka dame ni, na tsaya ina fifita da gefen mayafi. Wata da za ta kai shekara 45 ta matsa, ta bubbuga kwalin da ke gefenta da tafin hannu. "Ate, zo ki zauna," in ji ta, yadda suke kiran babbar yaya. Ƙanena ya ja gefe ya ba mu wuri. Na tarar ta jingina wayarta da robar abinci, ga yarinya a cikin wayar da littafin lissafi a gaba, suna aikin makaranta. Uwar ta ɗauki biro ta zana da'ira a jikin kwalin da muke zaune a kai, ta raba ta gida takwas, ta cike uku, ta ɗaga wayar ta haska wa yarinyar. Daga yadda ta bi da bayanin na gane malama ce. Da suka gama na tambaye ta, ta ce ƙwarai, ta koyar a wata firamare mai zaman kanta a Iloilo, can gida Filifin, amma albashin bai kai rabin abin da take samu a nan tana shara da wanke-wanke ba. Mafi ƙarancin albashin 'yar aiki a lokacin dalar Hong Kong 4,870 ne a wata, wato dalar Amurka 600 da 'yan kai.

Yarinyar autarta ce. Tana da shekara 2 ta baro ta a hannun ƙanwarta, yanzu tana 12. A tsakanin nan ta raini ɗan uwar ɗakinta tun yana cikin tsumma. Ita ta kwana zaune da shi lokacin haƙori, ita ta kai shi makaranta ranar farko, har yau a ƙasan gadonsa take shimfiɗa katifarta. Ta nuna mini hotonsa da murna ta gaskiya, tana cewa ya fi jin maganarta a kan ta iyayensa. Sai ta koma kan hoton 'yarta ta ce, "Wannan kuwa idan ta firgita da dare ƙanwata take kira." Ba kuka ta yi ba. Tana faɗa tana buɗe mini robar taliya, tana tabbatar mini kaza ce a ciki ba alade ba. Ni da aikina shi ne in ɗauki jariri in ɗora a ƙirjin uwarsa in ce kada a raba su, sai taliyar ta ƙi wuce mini.

Ta lissafa mini dokokin da ke kansu. Idan aka sallami 'yar aiki, mako biyu gare ta ta samu wani gidan ko ta bar garin. Tun 1987 ake wannan doka, kuma ita ke sa mata da yawa haɗiye wulaƙanci. Babu iyakar awannin aiki. Baƙon da ya shekara 7 yana aiki a Hong Kong yana iya neman takardar zama na dindindin, ban da su. Wata 'yar Filifin, Evangeline Vallejos, wadda ke aiki a can tun 1986, ta kai ƙara har kotun ƙoli, a 2013 aka yanke hukunci ba ta samu ba. Amma ba su naɗe hannu ba. A gefen titi na ga teburin ƙungiyarsu, ana raba takardun da ke bayanin haƙƙin ma'aikaciya, ana karɓar sa hannu kan ƙarin albashi. Suna da cibiyar taimakon 'yan ci-rani a harabar cocin St John tun 1981, da gidan fakewa mai suna Bethune House, inda wadda aka kora ko aka ci zarafinta ke zama har a gama shari'arta. Daga cikinsu Xyza Cruz Bacani ta fito, 'yar aikin da ta riƙa ɗaukar hotunan titi a ranakun hutunta har duniya ta san da ita.

Kusa da ginin World-Wide House, inda shagunan aika kuɗi suke, ana ta ɗaurin kaya. Manyan kwalaye ne da suke kira balikbayan, babba zai iya shiga ya zauna a ciki. Wata na cusa nata: sabulu, man goge baki, cakulan, kifin gwangwani, tawul, tsofaffin kayan wasan yaran gidan da take aiki. Wata da watanni take tara su. A hannunta akwai farar takarda da aka zana sawun ƙafar yaro da biro aka aiko mata daga gida, da ita ta je kasuwa ta gwada takalmi. Ta ɗora takardar a tafin takalmin ta nuna mini ta bar sararin yatsa guda, domin kafin jirgin ruwa ya isar da kayan ƙafar ta ƙaru. Sannan ta hau kan kwalin ta danne da gwiwa, ƙawarta na zagaye shi da salatif.

A nan Hong Kong ne, a 1988, Shugabar Filifin Corazon Aquino ta tsaya gaban irin waɗannan mata ta kira su sababbin jaruman ƙasa, sunan ya bi su har yau. Lissafi ma ya gaskata ta. A 2023 kuɗin da 'yan Filifin mazauna waje suka aika gida ya haura dala biliyan 37, sama da kashi 8 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar, kuma fiye da rabin masu fita aikin kwantiragi mata ne. A 1974 gwamnatin Shugaba Ferdinand Marcos ta buɗe wannan ƙofa da sunan maganin rashin aikin yi na ɗan lokaci, ga shi an haura shekara 50 ba a rufe ba. Ban ƙi a kira su jarumai ba, sun cancanta. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙasar da ta iya horar da malama ta kasa biyanta abin da zai riƙe ta kusa da 'yarta.

Manila ta tarbe mu da ruwan sama da cunkoso, ga motocin hayarsu masu dogon jiki da fenti kala-kala, jifni, maƙare da mutane. Ɗiyarmu ta zo tarbarmu ta yi ta zagayawa da mu. A Makati, tsakiyar benaye, akwai mutum-mutumin mace bisa doki da adda a ɗage. Gabriela Silang ce, wadda ta karɓi jagorancin tawaye ga Sifaniyawa bayan an kashe mijinta, aka rataye ta a 1763. Mun bi ta babban titin EDSA, inda a Fabrairun 1986 jama'a, har da sistocin coci riƙe da carbi a gaban tankokin yaƙi, suka kawo ƙarshen mulkin Marcos. Aquino ce ta hau, matar da aka harbe mijinta a filin jirgin da muka sauka, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa. Daga baya wata macen, Gloria Arroyo, ta yi mulki daga 2001 zuwa 2010. Tun 1937 matansu ke jefa ƙuri'a: an gindaya musu sharaɗin sai mata 300,000 sun ce suna so, suka fito su 447,725. 'Yar jaridarsu Maria Ressa ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2021 ana tsaka da jan ta kotu. A banki, a kanti, a teburin shige da fice, sau da yawa mace ce riƙe da hatimi. Mutum ya ga wannan duka, ya tuna matan kan kwali, sai ya rasa yadda zai haɗa lissafin.

Ranar Juma'a muka tafi Quiapo. Ga babban cocin Katolika cike maƙil, ka tsallaka titi ka ɗan taka, ga unguwar Musulmi da Masallacin Zinare, wanda aka gina a 1976 domin ziyarar Gaddafi da ba ta yiwu ba. Musulmin ƙasar kashi 6 ne da ɗan wani abu cikin 100, asalinsu kudu, Mindanao da Sulu. Bayan salla na shiga layin shaguna, nan ma mata ne riƙe da kasuwa, 'yan ƙabilar Maranao masu sayar da hijabi da zannuwan malong da sarƙoƙin lu'ulu'u. Muka ci shinkafa da kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, da yajinsu mai zafi da suke kira palapa.

Wadda na sayi zane a wurinta 'yar Marawi ce, wani gari a Mindanao. A 2017 an yi wata biyar ana gwabza yaƙi a garin tsakanin soja da masu iƙirarin biyayya ga ISIS, gidansu na cikin unguwannin da suka zama kufai. Da 'yan kunnenta na zinariya ta ja jari a Manila, yanzu ita ke biyan kuɗin makarantar yara biyar, biyu nata, uku na ɗan'uwanta. Ta ba ni labarin Santanina Rasul, Musulma ta farko da ta zama sanata a 1987, wadda ta yi suna wajen koya wa manya karatu da rubutu. Ta ƙara da cewa da aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu da mayaƙan Musulmin kudu na ƙungiyar MILF a 2014, mace ce ta jagoranci tawagar gwamnati, Farfesa Miriam Coronel-Ferrer. A bakinta kuma na ji zancen saki. In ban da su Musulmi, da dokar 1977 ta amince musu da hukuncin aure na Shari'a, babu saki a Filifin, ita da Vatican kaɗai suka rage haka a duniya. Wadda aurenta ya mutu sai dai ta nemi kotu ta soke shi, a ci kuɗi mai yawa, a ɗauki shekaru. Majalisar wakilai ta amince da ƙudurin saki a Mayun 2024, bai tsallake majalisar dattawa ba.

Daga Manila zuwa Dagupan tafiyar awa 4 zuwa 5 ce a bas, ana ratsa gonakin shinkafa. Garin kifi ne, tafkunan kiwon bangus sun kewaye shi. A kasuwa na daɗe tsaye ina kallon mata masu cire ƙaya. Bangus na da daɗi, amma ƙayoyinsa sun haura 150, sirara, a luɓe cikin tsoka. Mace za ta tsaga shi ta baya ta shimfiɗa, ta ɗauki ɗan almakashin matse jijiya irin namu na ɗakin haihuwa, ta bi layi-layi tana zare su, cikin 'yan mintoci ta gama ba ta yaga naman ba. Kifi-kifi ake biyanta, tun asuba take tsaye ƙafa a cikin jiƙa. Na kalli hannun nan na ce a raina, da ta samu dama ɗinkin tiyata za ta yi.

Ɗiyarmu ta yi zaman haya a gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Lola, wato kaka. Gidan bulo ne, an yi dakin, saman ba a gama ba, rodi na tsaye. A gaba akwai 'yar tireda mai taga da raga, ana sayar da ƙwai da kofi da sabulun wanke kai ƙulli-ƙulli. Muna shiga jikoki uku suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa, gaisuwarsu ke nan ga babba. Uwarsu na Kuwait. Lola ta zagaya da ni gidan tana nunawa: tushe da ɗakuna biyu Riyadh ce ta gina, dakin da bayi kwantiragin farko ne na Kuwait, tireda na biyu. Na tambayi uban yaran. Ta ce yana nan a wani gari da wata mace, shekaru ya yi yana karɓar kuɗin da ake aikowa kafin a gane. A takarda har gobe mijin 'yarta ne, kuma abin da aka mallaka cikin aure yana da haƙƙi a ciki. Shi ya sa filin gidan da sunan Lola aka rubuta shi. A nan na ga abin da rashin saki ke jawowa.

Duk Juma'a 'yar ke kira. In wayar ta wuce lokaci, in ji Lola, ba ta iya cin abinci, domin akwai sunayen da kowace uwa a ƙasar ke riƙe da su a ka. Flor Contemplacion, da aka rataye a Singafo a Maris na 1995 bisa laifin kisa, hukuncin da akasarin 'yan Filifin ba su yarda da shi ba, fushinsu ya sa aka yi dokar kare 'yan ci-rani a shekarar. Sarah Balabagan, yarinya Musulma daga Maguindanao da aka ƙara wa shekaru a takarda aka kai ta Daular Larabawa, ta daɓa wa maigidanta wuƙa ta ce fyaɗe ya yi mata, aka yanke mata kisa, daga baya aka mayar bulala 100 da ɗauri da diyya, ta dawo gida a 1996. Joanna Demafelis, da aka tsinci gawarta cikin firiza a wani gida a Kuwait a 2018. Jullebee Ranara, ita ma a Kuwait, a 2023, ɗan gidan da take aiki ya kashe ta ya ƙone gawar a hamada. Lola ta gama lissafi ta ce 'yarta ta dace da mutanen kirki, suna ba ta wayarta, suna biya a kan kari. Ta faɗi haka har sau biyu.

Ina sauraronta ina tuna 'yan matanmu da dillalai ke ɗiba aikatau Saudiyya da Libiya, wasu da bizar Umara, wasu ta hamada, babu kwantiragi, babu inda aka rubuta sunansu. Su 'yan Filifin suna da ma'aikata guda sukutum da aka kafa dominsu a ƙarshen 2021, akwai rajista, akwai bita kafin tafiya, akwai jami'an ƙwadago da gidajen fakewa a ofisoshin jakadancinsu, a lokacin tafiyarmu kuma ƙa'idar gwamnati ita ce kada a ɗauki 'yar aikinsu a ƙasa da dala 400 a wata. Duk da haka ana dawo da gawa. To ina ga tamu da ba ta da ko ɗaya daga ciki?

A bangon falon akwai hoton Hidilyn Diaz ta ɗaga ƙarfe sama da kanta. 'Yar mai babur ɗin haya ce daga Zamboanga, a Yulin 2021 a Tokyo ta ciyo wa ƙasar zinariyar Olympics ta farko a tarihi, bayan kullen korona ya tsare ta a Malesiya tana atisaye da gora da jarkokin ruwa. Babbar jikar Lola ce ta liƙa hoton. Na tambaye ta me za ta zama. Ta ce nas, a Kanada. Lola ta tashi ta tafi sallamar mai sayen ƙwai.

Ranar biki zauren ya cika da fararen kaya. Aka kunna musu fitila, suka yi rantsuwa, aka liƙa wa kowa lambarsa a ƙirji. Ɗiyarmu ta hau ta sauko ƙanena na share hawaye da hula. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wayoyin da aka ɗaga sama. Ba hoto kawai ake ɗauka ba. Kakanni da gwaggwanni ne ke riƙe da su, a cikin kowace waya ga fuskar uwa, wata daga Milan, wata daga Dubai sanye da rigar aiki, tana kallon 'yar da ta biya wa karatu daga nesa. Da na zanta da ƙawayen ɗiyarmu kuwa, kusan kowacce ta riga ta tsara hanyarta: jarrabawar lasisi, ɗan zama a asibitin gida don samun gogewa, sai Amurka ko Ingila ko Saudiyya.

Hanyar tsohuwa ce. Amurkawa da suka karɓi ƙasar daga Sifaniya a 1898 su suka kafa makarantun jinya da Turanci da manhajarsu, da suka buƙaci nas-nas bayan yaƙin duniya na biyu sai suka waiwayo nan. Nas ɗin da ta fara yi wa mutum allurar rigakafin korona ta Pfizer a duniya bayan gwaji, ranar 8 ga Disamba 2020 a Coventry ta Ingila, 'yar Filifin ce, May Parsons. A Amurka ba su wuce kashi 4 cikin 100 na nas-nas ba, amma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nas-nas ɗin da cutar ta kashe a shekarar farko su ne, domin su ke bakin gadon masu tsananin ciwo. Mu ma mun ci moriyarsu. Duk wanda ya kwanta asibiti a Makka ko Madina ya san hannunsu, kuma 'yan zamanina ba su manta malaman Filifin da suka koyar da mu kimiyya da lissafi a sakandaren Arewa ba. A gida kuwa ma'aikatar lafiyarsu da kanta ta ce giɓin nas-nas ya haura 100,000.

Na roƙi ɗiyarmu ta kai ni wurin wadda ta zauna. Ta kai ni ɗan asibitin unguwa inda ta yi aikin koyo, ɗaki biyu da baranda. Ungozoma ɗaya ce, da mata 'yan sa-kai da ake ba ɗan abin sabulu, su ke bin gida-gida da sikeli da littafin awo. Muka zauna muka yi hirar sana'a: zubar jini bayan haihuwa, 'yan mata masu ciki tun ba su gama sakandare ba, yadda ake fitar da mai naƙuda a kwale-kwale idan ambaliya ta rufe hanya. Ta ce sau da yawa an yi mata tayin fita, ba ta ga wanda za ta bar wa matan unguwar ba. A bangonta akwai hoton Dakta Fe del Mundo, wadda ta sayar da gidanta ta kafa asibitin yara na farko a ƙasar a 1957, ta kuma ƙirƙiro kwalbar bakwaini ta kwandon gora da robar ruwan zafi domin ƙauyukan da ba lantarki. Ta rasu a 2011 tana da shekara 99.

Ta Doha muka dawo. A filin jirgin Manila 'yan rakiya a waje suke tsayawa, nan ake rungume-rungume da koke-koke. A zauren jira muka zauna kusa da wani rukunin 'yan mata sanye da riga iri ɗaya ta kamfanin da ya ɗauke su, kowacce rungume da ambulan ɗin takardu. Wadda ke gefena ta ƙanƙame ambulan ɗinta a ƙirji tana cije leɓe. Na duba na ga gaban rigarta ya jiƙe. Ban tsaya tambaya ba, na ce, "'Yata, watansa nawa?" Ta ce takwas, jiya da dare ta ba shi na ƙarshe, yana wurin uwarta a Leyte. Kwantiragin shekara 2 ne.

Na ja ta bayi. Nonon ya cika ya yi tauri, ko taɓawa ba ta so. Na nuna mata yadda za ta tatsa da hannu, kaɗan kawai don ya sassauta, kada ta tatse duka ya ƙara kawowa. Ɗiyarmu ta samo ƙanƙara a shagon shayi muka naɗe a hankici muka ɗora, na ba ta farasitamol daga jakata. Na ce cikin mako zai lafa, amma in ta ga wuri ya yi ja ya ɗauki zafi, ko zazzaɓi ya rufe ta, kada ta yi shiru don tsoron uwar ɗaki, ta nace a kai ta asibiti. Ta ce ba ta jin Larabci. Na karɓi ambulan ɗin, na tarar ta riga ta rubuta lambar ofishin jakadancinsu a baya. A ƙarƙashinta na rubuta mata ɗan abin da na tsinta a Umara, "ana marida", ba ni da lafiya, da "mustashfa", asibiti. Muka dawo kujera tana maimaitawa ina gyara mata har bakinta ya kama, sannan ta juya ta shiga koya wa sauran, kowacce ta ciro biro tana kwafa a bayan nata ambulan ɗin.